Rawani, Malfa da Katin Wuya

Ya ku jama'a masu saurare, na cikin garin Dakoro da na karkararsa, tun daga Kornaka da Birnin Lalle har zuwa rugage da mashayai na kwarin Tarka, da waɗanda muryarmu ke iske su a bakin rijiya ko a kan hanyar kasuwa. 

Al'amarin da muka ɗauko yau ƙarami ne ga ido, amma amana mai yawa ta rataya a kansa, shi ne alamar da mutum kan ɗauka a jikinsa domin jama'a su san aikin da aka wakilta shi a kai: rawanin hakimi, da jar rigar dogari, da ɗamarar magajin gari mai launin tutar ƙasa, da kuma, a wannan zamani namu, 'yar rigar nan marar hannu da katin da ake ratayawa a wuya, waɗanda suka yawaita a ƙauyukanmu har yaro ƙarami ya san su.

Da a ce mutum zai rayu ya mutu cikin unguwar da aka haife shi, inda kowa ya san uban kowa, da bukatar alama ba ta taso ba, gama fuska ta isa shaida. Amma ƙasar Dakoro ba haka take ba tun asalinta. Ƙasa ce da noma da kiwo suka yi iyaka a cikinta, inda dokar shekarar 1961 ta shata layin da gona ba ta wucewa ta arewa, inda Bahaushe da Bafillace da Buzu suke haɗuwa a rijiya ɗaya da kasuwa ɗaya, alhali da yawansu ba su taɓa ganin juna ba kafin wannan rana, kuma ba lalle ne harshe ɗaya ya haɗa su ba. Makiyayin da ya gangaro daga wajen Bermo da garkensa bayan an kwashe amfanin gona, idan ya iso wani gari yana neman wanda zai kai wa kuka a kan burtalin da aka toshe, ko wanda zai damƙa wa bijiminsa ya sayar masa, ba shi da lokacin da zai binciki nasabar kowa. Idonsa ne zai yi masa jagora, abin da idon zai nema kuwa shi ne alama.

Magabatanmu sun san wannan sarai, sun kuma yi masa tsari wanda, a ganina, har yau ba a kawo wanda ya fi shi hikima ba. Ku dubi yadda ake naɗin sarauta a ƙasar Katsinar Maradi ko ta Gobir. Ƙyallen da ake naɗawa ana samun irinsa a kasuwa, kowane mai kuɗi yana iya sayen wanda ya fi shi tsada. Amma ba a taɓa jin wanda ya shiga ɗaki shi kaɗai ya naɗa wa kansa, sa'an nan ya fito ya ce shi ne Ƙaura ko Durbi, jama'a kuma suka bi shi. Sai an tara mutane a ƙofar fada da rana tsaka, an buga tambari, maroƙa sun ambaci sunansa da na ubansa, wanda ke da ikon naɗawa ya naɗa, ko a naɗa da izininsa, a gaban shaidu waɗanda ba su ƙirguwa, kana rawanin ya zama rawani. Daga wannan rana, duk wanda ya gan shi ya san abu biyu a lokaci guda: ya san iyakar aikin da aka ba shi, ya kuma san ƙofar da za a kai ƙararsa idan ya ƙetare wannan iyaka, domin hannun da ya naɗa shi ne ke da ikon tuɓewa. Haka dogari: jar rigarsa ba tasa ba ce, ta sarki ce, ranar da ya bar aiki kuwa ba ya tafiya da ita gida ya ci gaba da kama mutane. Haka kuma a wurin 'yan'uwanmu Buzaye, inda tambari ke zaune a hannun shugaban da aka yarda da shi, ba ya bin kowa sai wanda jama'a suka ɗora.

Wannan tsari yana da tushe a Sunna. Malaman hadisi sun ruwaito cewa bayan sulhun Hudaibiyya, yayin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi nufin aika wasiƙu zuwa ga sarakunan Rum da Farisa da waninsu, sai aka shaida masa cewa waɗannan sarakuna ba su karɓar takardar da ba hatimi a kanta, saboda haka ya sa aka ƙera masa zoben azurfa da aka zana sunansa da manzancinsa a kai, ya kuma hana wani ya zana irin wannan zane a nasa zobe. Ku lura da wannan hani, jama'a, domin a cikinsa hukuncin yake: alamar da kowa ke da izinin kwaikwayonta ta daina zama hujja. Zoben nan ya wuce hannun Sayyidina Abubakar, ya wuce na Sayyidina Umar, ya kai ga Sayyidina Usman, Allah ya yarda da su, kowanne yana riƙe da shi ne saboda wilayar da aka ɗora masa, ba don gado na jini ba.

Akwai wani misali da ya fi kusa da mu, wanda nake so mata masu saurare su riƙe shi musamman, domin nasu ne. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta ga matan karkara sun yi nisa da majalisun ilimi, ba su da halin barin gidajensu su zo birni, sai ta kafa tsarin nan da aka sani da 'yan taru. Daga kowane yanki akan zaɓi dattijuwa mai hankali da kamun kai, ita ce jaji, ta jagoranci tawagar tsofaffi da 'yan mata zuwa wurin Nana, su ɗauki karatu cikin waƙoƙin da ta tsara da Hausa da Fillanci, su koma su karantar da waɗanda suka bari a gida. To, macen da za ta ratsa daji da garuruwan da ba a san ta ba, ta shiga gidajen mutane ta zauna da matansu, me zai sa mai gida ya buɗe mata ƙofa? Nana ta ɗauki malfa ta ɗora wa jaji a ka, ta naɗa mata jan ƙyalle a kanta, da hannunta, a gaban jama'a. Malfar nan kuwa tsohuwar alama ce da mutanen Gobir suka daɗe da sani a kan Inna, babbar mace mai faɗa a ji a masarautarsu. Nana ba ta ƙago wani baƙon abu da za a sha wahalar fassara shi ba, ta ɗauki abin da ido ya riga ya saba girmamawa ta ɗora masa sabon aiki. Mu da Birnin Lalle ke cikin ƙasarmu, garin da Gobirawa suka zauna bayan gangarowarsu daga Azbin, bai kamata wannan labari ya zama baƙo a kunnenmu ba. Abin da ke ba ni sha'awa a cikinsa shi ne, wanda bai iya karatu ba ko harafi ɗaya yana iya karanta malfa daga nesa, ya san wadda ke tafe, ya san wadda ta aiko ta.

Malamai su ma suna da tasu, ko da yake ita ba a ka ake ɗora ta ba, ita ce ijaza. Almajiri ba ya cewa ya isa karantar da littafi kaza sai malamin da ya karanta a gabansa ya ba shi izini, shi ma malamin ya ambaci wanda ya ba shi, haka salsala ke tafiya har ta tuƙe ga mawallafi. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya wallafa, Ida'un Nusukh, domin kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu.

Da Nasara suka zo, suka kafa bariki a Dakoro a 1947, alamomi sun ƙaru: kakin gardi, da hatimin kumandan, da lambar girma da ake maƙala wa hakiman da aka ji daɗin aikinsu. Ba zan daɗe a nan ba. Abin lura kawai shi ne, a wannan zamani ne talaka ya fara ganin alamar da ke zuwa daga wani wuri mai nisa wanda ƙafarsa ba ta kai shi, ya koyi jin tsoron alama maimakon tambayar asalinta. Wannan tsoro kuwa, ina ganin, bai gama fita daga zukatanmu ba, shi ne kuma jarin da mazambata ke ci da shi a yau.

Bari mu zo ga zamaninmu. Tun daga yunwar shekarar 2005, wadda ta jawo ƙungiyoyin agaji masu yawa zuwa jihar Maradi har da nan Dakoro, da wuya mako ya wuce a ƙauye ba a ga wani mai riga mai tambari ba: masu rigakafin shan inna, masu awon dantsen yara, masu ƙidayar jama'a, masu rubuta sunayen waɗanda za a raba wa cimaka, masu allurar dabbobi, wakilan hukumar zaɓe. Mafi yawansu bayin Allah ne masu aiki cikin rana da ƙishirwa, da yawansu ma 'ya'yanmu ne na cikin gari da aka horar. Wasu daga cikin alamomin da suke ɗauke da su suna da nauyi wanda ya wuce ƙasa ɗaya. Jar alamar nan ta kuros ta ma'aikatan agaji an amince da ita ne a yarjejeniyar Janeba ta 1864, domin a bambanta mai jinyar raunana daga mai yaƙi. Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta fara amfani da jan jinjirin wata a yaƙinta da Rasha wanda ya biyo bayan 1876, aka kuma shigar da shi cikin yarjejeniya a 1929. Dokar duniya ta hana a yi ado ko talla da waɗannan alamomi biyu, saboda ran mutum na iya rataya a kansu a fagen fama.

Amma ga inda matsala take. Rawani yana da ranar naɗi, malfa tana da hannun da ya ɗora ta, shi kuwa katin wuya ba wanda ya ga ranar da aka ba da shi. A yau duk mai 'yan kuɗi kaɗan yana iya shiga shagon masu kwamfuta a kowane babban gari, a buga masa kati da hotonsa da tambarin da ya ga dama, a lulluɓe shi da roba har yana ƙyalli. Tela kuma ba ya tambayar dalili idan an kawo masa ɗinkin riga. Rubutun da ke kan katin da Faransanci yake, alhali dattijon da ake nuna wa bai yi lakwal ba, ko da kuwa ya haddace Alƙur'ani yana kuma rubuta wasiƙarsa da ajami. Sai ka ji an zo gari an ce ana rubuta sunaye domin tallafi, amma sai kowane magidanci ya ba da wani abu na takarda. A karɓi katin ɗan ƙasa na mata a ce za a dawo da shi, a karɓi lambar salula. Mota ta tashi, shi ke nan. Ɓarnar da irin wannan ke yi ba ta tsaya ga kuɗin da aka karɓa ba. Gobe idan ma'aikaciyar rigakafi ta gaskiya ta yi sallama da irin wannan riga, ƙofa a rufe za ta iske ta, yaron da ke cikin gidan kuwa shi ne zai biya bashin da bai ci ba.

Kada ku ɗauka wannan cuta ta ƙauye ce kawai, ta kama manyan masu fasaha na duniya. Kamfanin Twitter na Amurka ya fara sa wata 'yar shuɗiyar alama a gefen sunan mutane a 2009, domin a san an bincika an tabbatar cewa mai sunan shi ne da kansa ke magana. Shekaru goma sha uku jama'a suna dogara da ita. A watan Nuwamba na 2022 aka mayar da ita abin sayarwa, a kan kimanin dalar Amurka 8 a wata, ba tare da wannan bincike ba; cikin 'yan kwanaki wani ya sayi alamar, ya ɗauki sunan kamfanin magunguna na Eli Lilly, ya yi shelar cewa maganin ciwon sukari ya zama kyauta, mutane da yawa suka gaskata, har sai da kamfanin na gaskiya ya fito ya ƙaryata, aka kuma dakatar da sayar da alamar na wani lokaci. Launinta bai sake ba, siffarta ba ta sake ba, hanyar samunta kaɗai ta sake. Ina kawo wannan ne domin samarinmu da ke riƙe da salula, da 'yan kasuwar da ke jin farashin dabbobi ta zaurukan WhatsApp, su san cewa ganin wata alama kusa da suna, ko ganin an rubuta cewa wane ne shugaban zaure, ba ya nufin wata hukuma ta tantance shi. Wanda ya buɗe zauren ne ya ba kansa, ya kuma ba wanda ya so.

To, mene ne abin yi? Ni ban ga wata dabara da ta wuce mu koma ga abin da muka gada ba, wato a mayar wa alama da shaidunta. Muna ma da misali a hannu. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye a matakin gunduma, daga baya aka sauko da su har zuwa ƙauye, inda mai gari ke shugabanta; takardar sayen gona ko jingina ko aro tana samun ƙarfinta ne daga sa hannun mutumin da kowa ya san ranar da aka naɗa shi, da shaidun da ke kwana cikin garin. Abin da ya yiwu ga gona zai yiwu ga riga. Duk ƙungiyar da za ta ba wani ɗan gari alama, ko ta makiyaya ce, ko kwamitin rijiya, ko asusun mata, ko ƙungiyar dillalai, ya kamata ta ba shi a ƙofar mai gari ko a gaban hardo, bayan an yi shela, a faɗa da Hausa da Fillanci da Buzanci abin da aka ɗora masa da abin da ba a ɗora masa ba, musamman a bayyana ƙarara ko yana da izinin karɓar kuɗi, idan yana da shi kuma nawa ne, da irin takardar da zai bayar. Baƙon da ya zo daga nesa kuwa, ladabin da aka san mu da shi bai sake ba: ya fara sauka wurin mai gari, mai gari ya haɗa shi da ɗan rakiya wanda mata da yara suka san fuskarsa.

Siffar alamar ita ma abin dubawa ce. Ma'aji da magatakarda da mai sa ido kada su sa riga iri ɗaya, domin tsohuwar da ta kawo zubinta ta san hannun da za ta miƙa wa. A bambanta su da launi da zane wanda ake ganewa daga nesa, a ƙara da rubutun ajami, da na Tifinag na Buzaye inda ake karanta shi, kada a bar Faransanci shi kaɗai. Kada kuma a yawaita su. Na ga ƙungiyar da membobinta ba su kai cikin zaure ɗaya ba amma kusan kowa na da muƙami da kati, har aka rasa wanda za a tambaya. Alama idan ta zama abin ado da neman girma, riya ta shige ta, wanda ya ɗauke ta kuwa yakan manta cewa nauyi aka ɗora masa wanda za a tambaye shi a kansa gobe kiyama.

Ku kuma, iyayena da 'yan'uwana masu saurare, tambaya ba rashin kunya ba ce. Ku yi wa baƙo maraba, ku ba shi ruwa da wurin zama kamar yadda addini ya hore mu, sa'an nan cikin lumana ku ce masa: Malam, wa ya aiko ka, wa ya san da zuwanka cikin garin nan? Ma'aikacin gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya, hasali ma tana sauƙaƙa masa aiki, zai ambaci mai gari ko shugaban asibitin yankin ko wani da kuke iya aika yaro ya tambayo. Wanda ya fusata, ko ya shiga gaggauta ku yana cewa mota za ta tashi, ko ya ce a ɓoye wa mai gari, ku riƙe kuɗinku da katinku har a tabbatar. Kada kuma zato ya kai ku ga wulaƙanci ko duka, gama zato ba hujja ba ne. Ku kai magana ga hukuma, ita ke da hakkin bincike.

Saura abu guda wanda aka fi sakaci da shi, shi ne karɓe alama idan aiki ya ƙare. Ayyukan raya karkara sukan zo da wa'adi, shekara biyu ko uku su naɗe tabarmarsu, amma rigunan da suka raba suna nan cikin akwatuna, wasu har a kasuwar gwanjo, katunan kuma ba a rubuta musu ranar ƙarewa ba. Haka ma'ajin da aka sauke saboda kuɗi sun salwanta a hannunsa yakan ci gaba da yawo da katinsa a ƙauyukan da labari bai kai ba. Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyi da masu gari su riƙe littafi guda, a rubuta sunan duk wanda aka ba alama da ranar da aka ba shi. A buga ranar ƙarewa a jikin kowane kati da manyan lambobi. Ranar da wa'adi ya cika ko aka sauke mutum, a karɓa a gaban mutanen da aka ba shi a gabansu, a kuma aiko mana da sanarwa nan gidan rediyo mu karanta, domin makiyayin da ke can arewacin Tarka ya ji kafin ya gangaro.

A nan za mu dakata. Wanda ke da tambaya ko ƙarin bayani, musamman daga cikin masu gari da hardo-hardo da shugabannin ƙungiyoyin mata, ƙofar wannan shiri a buɗe take, za mu karanta saƙonninku a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.